Ta rufi zafin yake shigowa

Malam, ka ce za ka fara gini a Kano, kana gudun irin ɗakin bulo da kwano da ba ya kwanuwa a watan Afrilu. To, ka fara da rufi, don ta nan mafi yawan zafin ke shigowa. Kada ka yarda a buga maka kwano mai duhu, ka nemi fari. Ka sa silin, a bar tazara tsakaninsa da kwano, a buɗe ƙananan kafofi a gefe biyu, a sa musu raga, iska mai zafi ta samu hanyar fita. Magina da yawa toshe wurin nan suke yi ruf, abin yana ba ni takaici.

Manyan tagogi su kalli arewa da kudu. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, ya riƙe zafin har dare, sai ka yi masa baranda ko ka dasa darbejiya nesa kaɗan da harsashin ginin. Kuma kada ka raina ginin ƙasa. Shiga Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano da aka gina da ƙasa, da azahar ka dafa bango ka ji. Kaurinsa ne ke jinkirta shigar zafi. Sai dai yana son yaɓe kafin damina.