Ku Tambaya, Mu Amsa: Hanyar Zama Malamin Dokar Laifuka a Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina shekara ta biyu a sashen shari'a na Jami'ar Marwa. Burina in koyar da dokar laifuka a jami'a, ba in zama alƙali ba. Ta ina zan bi? Daga wani ɗalibi, Marwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗanmu. Abin da za ka fara riƙewa shi ne, a tsarin jami'o'inmu na Kamaru da Cadi dokar laifuka tana ƙarƙashin reshen da ake kira droit privé (dokar mu'amala tsakanin mutane) ne, ba droit public (dokar hukuma) ba. Ɗalibai da yawa kan ɗauka tun da gwamnati ce ke gurfanar da mai laifi, reshen hukuma za su bi, sai a masta su tarar ƙofar ta rufe. Idan lokacin zaɓen reshe ya zo, ka zaɓi droit privé.

Karatun hawa uku ne: lisans (digirin farko) shekara 3, masta shekara 2, doktora aƙalla shekara 3, ko da yake kaɗan ne ke gamawa a ukun. Masta iri biyu ce, ta sana'a da ta bincike, kuma ta binciken ce ke kai mutum doktora. Galibi ana tace masu shiga da maki, wanda bai kai 12 cikin 20 ba yakan sha wuya, don haka makin da kake samu yanzu ma yana cikin lissafi.

Littafi biyu kada su bar jakarka: kundin dokar laifuka na Kamaru na 12 ga Yuli 2016, da kundin tsarin shari'ar laifuka na 2005 wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2007. Ka haɗa da dokar ta'addanci ta Disamba 2014, wadda ta miƙa irin waɗannan ƙararraki ga kotun soja. Duk mai koyarwa a yankin Arewa Mai Nisa sai ɗalibai sun tare shi da ita.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne maudu'in kundin doktora. Ɗalibi zai ɗauko "matsalar laifuka a Afirka", shekara biyar yana iyo bai ga gaɓa ba. Ka ɗauki abin da ƙafarka za ta kai ka. Misali: doka ta ce tsaron jiran shari'a wata 6 ne, ana iya ƙara wata 12 a babban laifi, wata 6 a matsakaici. To, a kotunan Marwa ko Garwa haka abin yake a aikace? Wannan tambaya ɗaya ta isa kundi. Haka satar shanu, garkuwa da makiyaya a Adamawa, ko 'yan tare hanya da ake kira zargina, waɗanda masanin tarihi Saïbou Issa ya yi wa littafi a 2010. Amma ka sani fayil ɗin da ke hannun alƙalin bincike sirri ne, ba za a ba ka ba. Hukuncin da aka riga aka yanke za ka nema a ofishin magatakardan kotu, da takardar jami'a a hannu. Shiga gidan yari kuwa sai da izinin hukumar da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, kuma amsa kan ɗauki watanni, saboda haka ka rubuta tun shekarar farko. Sunan fursuna ba ya shiga kundi, ko da shi ya yarda.

Bayan doktora, muƙaman huɗu ne: assistant, chargé de cours, maître de conférences, sai farfesa. Na farkon kwantiragi ne mai wa'adi. Wanda ya nutse cikin gyaran takardun jarrabawar ɗaruruwan ɗalibai bai wallafa maƙala ba, wa'adin zai cim masa. Kwamitin CCIU da ke duba ƙarin girma maƙaloli yake ƙirgawa, a mujallun da masana ke tantancewa. Ka ciro biyu daga cikin kundinka tun kafin ranar kare shi.

Tambaya: Ni 'yar Injamena ce, na gama masta a Ngaundere. Mece ce agrégation da nake ji ana faɗa? Daga wata baiwar Allah.

Amsa: 'Yarmu, gasa ce da hukumar CAMES mai kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka, wadda aka kafa a 1968 kuma hedikwatarta ke Wagadugu, ke shiryawa duk shekara biyu ga masu doktora a shari'a, siyasa, tattalin arziki da gudanarwa. Ana fara tattauna ayyukan da kika wallafa, sannan a keɓe ki sa'o'i a ɗaki da littattafai ki shirya darasi, ki gabatar gaban alƙalan gasa. Wadda ta ci ta zama maître de conférences kai tsaye. Abin lura: a sashen droit privé za ki shiga, ana iya jefo miki tambaya kan kwangila ko dokar kasuwanci ta OHADA (ta bai ɗaya tsakanin wasu ƙasashen Afirka), don haka kada ki yar da su don son dokar laifuka. Ga kuma fili a gida: Cadi ta yi sabon kundin laifuka a 2017, ta soke hukuncin kisa gaba ɗaya a 2020, an kuma yanke wa tsohon shugaban ƙasar, Hissène Habré, hukunci a Dakar ranar 30 ga Mayu 2016. Kowanne yana buƙatar mai nazari da ya san ƙasar.

Tambaya: Na yi shekara goma ina aikin jandarma, ina da lisans. Zan iya koyarwa? Daga Kusiri.

Amsa: Malam, gogewarka dukiya ce, amma ba ta maye gurbin takarda. Nemi izinin shugabanninka ka yi masta ta bincike. Da ita za a iya gayyatarka darasin awa-awa, wanda kuɗinsa kan makara. Kujerar dindindin sai da doktora, kuma sanarwar ɗaukar malamai kan zo da iyakar shekaru, saboda haka ka duba shekarunka kafin ka ajiye kaki.