Ina son aiki a asibitin tsofaffin sojojin Amurka, ta ina zan faro?

Tambaya: Malam, shekarata biyu a Amurka da katin zaman dindindin, kuma na gama digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam. Burina in yi aiki a asibitin tsofaffin sojoji. Ta ina zan faro?

Amsa: 'Yar'uwa, kin zaɓi wuri mai kyau. Ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, tun 1946 take horar da masana halayya, kuma a duk Amurka babu inda ya kai ta yawan masu karɓar wannan horo. Sai dai digirin farko ba zai ba ki kujerar duba marar lafiya ba. Sai kin yi digirin dakta, PhD ko PsyD, a shirin da ƙungiyar masana halayya ta Amurka, wato APA, ta amince da shi, shekara biyar zuwa bakwai. Ki tabbatar da amincewar nan kafin ki biya ko sisi.

Shekarar ƙarshe ita ce ta horon asibiti, awa kusan 2,000, kuma a nan katinki zai tsaya miki a wuya: VA ba ta ba da wannan gurbi sai ga ɗan ƙasa. Amma yi lissafi. Mai katin dindindin kan nemi zama ɗan ƙasa bayan shekara biyar, ke kuwa kin ci biyu. In kin fara karatu baɗi, takardarki ta zama 'yar ƙasa na iya fitowa kafin lokacin neman gurbi. Kada ki yi sakaci da ita. Bayan horon sai jarrabawar EPPP, wato jarrabawar neman izinin aiki ta masana halayya, da lasisin jiha.

Aikin kansa fa? Mutane na zaton duk ciwon firgicin yaƙi ne. Akwai shi kam. Za ki ga dattijon da ya yi yaƙin Biyetnam, ba ya zama sai inda yake hangen ƙofa, daren 4 ga Yuli kuwa, ranar bikin 'yancin kan Amurka, ƙarar wasan wuta ta hana shi rintsawa. Ɗaya daga cikin hanyoyin jinyarsa shi ne ya riƙa ba da labarin ranar da abin ya faru, a naɗi muryarsa, ya je gida ya yi ta saurare har tsoron ya lafa. Sauraron irin wannan kullum ba ƙaramin nauyi ba ne, gara ki sani tun yanzu. Amma galibin ranakunki rashin barci ne, da ciwon baya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da shaye-shaye, da rigimar aure.

Shawarata, kafin ki cike fom ɗin kowace jami'a, ki tambaye su ko ɗalibansu na zuwa asibitin VA koyon aiki tun a shekara ta biyu ko ta uku.