Tambaya da Amsa: Yaya Zan Tsara Aikin Zango a Ajin Nazare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar makarantar nazare a Daura, yara 22 a aji ɗaya, 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Iyaye sun matsa sai sun ga littafi cike da rubutu da aikin gida kullum. Yaya zan tsara aikin zango ba tare da na takura wa yaran ba? Daga wata malama, Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya yi wa aikin albarka. Ki fara da neman manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta tsara wa wannan mataki, ki tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko a SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da ke Katsina. Yawan yaranki bai wuce ƙa'ida ba, domin tsarin ilimi na ƙasa ya ware malama ɗaya ga yara 25.

Sai ki zauna ki rubuta abubuwa shida zuwa takwas da kike son kowane yaro ya iya kafin a tafi hutu. A rubuta abin da ido zai gani: ya ƙirga abu goma yana taɓa kowanne, ya gane sunansa a rubuce, ya riƙe fensir da yatsu uku, ya maimaita tatsuniya da bakinsa, ya wanke hannu da sabulu. "Ya san lissafi" ba manufa ba ce, don ba ki da yadda za ki auna ta. Idan zangon mako 13 ne, ki ware na farko don sabo, biyu na ƙarshe don bita da gwaji. Goman da suka rage a raba su jigo biyar, kowanne mako biyu.

Jigon ya bi lokaci. A zangon farko kaka ake ciki, to ki shigo da zangarniyar gero da kwanon gyaɗa mai ɓawo. Da su za a yi ƙirga, a ware manya daga ƙanana, a ji sautin "g" a gero da gona da gatari, sannan kowa ya zana harafin da yatsa a faranti mai yashi kafin a kai ga takarda. Abu ɗaya ke nan ya ɗauki lissafi da harshe da motsa yatsu. Amma ki sa ido idan ɓawon ya fashe, ƙwayar gyaɗa da wake kan ƙare a hanci ko kunne. Murafen kwalba sun fi aminci.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne hadda. Yaro zai rera ɗaya zuwa ɗari, iyaye su yi ta murna, amma ki zube masa murafe bakwai ki ce nawa ne, sai ya taɓa ɗaya sau biyu ya ce takwas. Rubutu ma haka: yatsunsa ba su yi ƙwari ba, sai ya damƙe fensir da dunƙulallen hannu, ya gaji, ya tsani littafin. Murza yumɓu, yaga takarda da wasan carafke su ne ke shirya hannun. Zama wuri ɗaya kada ya wuce minti 10 zuwa 15, sai a tashi a yi waƙa ko 'yar gala-gala. A Maris da Afrilu, a gama wasan waje kafin ƙarfe goma saboda rana.

Su kuma iyaye, hujja suke nema cewa kuɗinsu bai tafi a banza ba. Ki buɗe wa kowane yaro fayil, duk Juma'a ki sa aiki ɗaya mai kwanan wata, a ƙarshen wata ki baje musu na farko kusa da na ƙarshe. Aikin gida ya zama na baki, tunda yawancin yaran Islamiyya na jiransu da yamma: ya ƙirga wa mahaifiyarsa cokulan gida, ko ya zo gobe da sunan abu uku masu farawa da "b".