Amsa ga mai Corolla da gilashinsa ya ƙi tashi

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce Corolla ɗinka ƙirar 2006 gilashin ƙofar direba ya sauka ya ƙi tashi, sauran ukun kuma yau su yi gobe su ƙi, rewaya kuma ya ce sai an canza injin gilashin. Don girman Allah ka dakata, kar ka miƙa masa ko sisi tukuna. Ina karanta tambayar nan raina yana ɓaci, domin irin abin da aka yi mini ke nan.

Kowace ƙofa da nata injin. To ta yaya injin ƙofa ɗaya zai lalace, sauran ukun su kama wasa? Abin da ya haɗa su huɗun shi za a duba: fiyus, babban makunnin hannun direba, da wayoyin da suka bi ta cikin baƙar robar nan mai lanƙwasa tsakanin ƙofa da jikin mota. Ƙofar direba ta fi kowace shan buɗewa da rufewa, wayoyin suna lanƙwashewa har su karye a ciki, robar kuwa ka gan ta lafiya lau daga waje. Ka murɗa makulli, ka danne maɓallin, wani ya riƙa buɗe ƙofar yana turawa a hankali. In gilashin ya motsa a wani gurbi ya tsaya a wani, ka gama gano ciwon.

Tawa Camry ce. Wani rewaya da aka yi ta yaba mini shi, ko tasta, abin gwada wuta, bai ɗora ba ya ce inji ne. Na je Ƙofar Ruwa na sayo na Beljiyam, ya ɗaura, ya yi aiki a gabansa, kafin in isa gida ya tsaya. Na koma, ya ce ai makunni ne ya ci injin. Aka canza makunni. Wajen cire marfin ƙofar ya karya mini ƙugiyoyin roba, har yau ƙofar tana kaɗawa in na hau gargada. Na tambayi tsohon injina, ya ce yaransa sun zubar. Injin da lafiyarsa ƙalau! Na san inda ya tafi, ƙofar wani bawan Allah ya koma da sunan sabo. Allah ya isa.

Abin da ba zan yafe ba shi ne ranar da na ɗauko Hajiyarmu daga asibiti, cikin watan Agusta, muna hanyar Zariya zuwa Kano. Ta ce a ɗan sauke mata gilashi ta sha iska. Mun wuce Kwanar Ɗangora hadari ya haɗo, na danna, shiru. Na danna nata, shiru. Ruwa ya tsuge da iska, yana shigowa ta baya kai tsaye a kanta, tsohuwa da ciwon ƙirji. Na tsaya gefen titi na tuɓe babbar rigata na maƙale a bakin ƙofa, iska na fizge ta. Ita kuwa rawar sanyi take tana ce mini, "Bar shi, ɗan nan, kar mota ta kaɗe ka." Na kira mutumin nan, ya ce wai in ɗan bubbuga ƙofar. Daga baya wani dattijon rewaya ya zare robar a gabana, waya biyu a karye, ɗaya saura zare ƙwaya biyu ko uku ke riƙe da ita. Da ya buɗe akwatin fiyus kuma sai ga wayar tagulla an naɗe a gurbin fiyus. Ya kalle ni ya ce, "Alhaji, Allah ne ya tsare, da motar nan ta kama da wuta." Wannan ma aikin wancan ne.

Ka duba naka akwatin, yana ƙarƙashin sitiyari ta gefen direba. Lambar da ke jikin tsohon fiyus ita za a mayar, in 20 ce 20, in 30 ce 30. Wanda ya ce a sa babba don kar ya sake ƙonewa, ɗauke motarka ka bar garejin.

Af, akwai maɓallin kulle gilasan fasinja a hannun direba, yara suna yawan danne shi. Duba shi kafin komai, ko da yake ba ya hana na direba aiki.

Ga wani gwajin da dattijon ya koya mini. Da daddare ka kunna fitilar rufin mota, ka danna maɓallin. In hasken ya ɗan dushe, wuta tana isa, wani abu ne ya cije. In bai ko girgiza ba, wutar ce ba ta zuwa. In ka ji injin yana juyawa ko ƙarar ƙaras-ƙaras gilashi bai motsa ba, ƙarfen da ke jan shi ne ya lalace, wannan kam sai an canza. Kuma kafin a yanke wa inji hukunci, a jona shi kai tsaye da batir a gabanka, a juya wayoyin, ka ga ko zai hau ya sauka.

Kar ka yarda a zuba baƙin mai ko giris a robar da gilashin ke bi. Ƙurar hunturu za ta manne, robar ta kumbura, injin ya riƙa nishi har ya ƙone da gaske. A wanke ta, a fesa silikon.

Kafin ka samu mai gyara na kirki, a cire marfin ƙofar a tura gilashin sama a tokare shi, don yanzu barin mota a buɗe a bakin masallaci ko kasuwa ba ƙaramin ganganci ba ne. Duk abin da aka cire kuma a saka maka shi a but, ko fiyus ne. Ka gwada na ƙofar da na fitilar, ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.