Kafin ki ɗora tanda a Bradford

Anti, assalamu alaikum. Shekarata biyu a Bradford, ƙasar Ingila. Maigidana nas ne, da bizar ma'aikatan lafiya ya zo, ni da yara biyu muka biyo shi a kan takardarsa. Duk sanda aka yi suna ko walima ni ake kira in yi waina da dambun nama, har mutane sun fara cewa in riƙa sayarwa. Ina so, amma ban taɓa sana'a ba. Ƙanwar maigidana tana digiri na biyu a nan, ta ce mu haɗa jari mu raba riba, shi kuma ya ce zai riƙa kai wa mutane da motarsa ranar hutunsa. Wata ƙawata ta ce ba sai na yi rajistar komai ba, in riƙa karɓar kuɗi a hannu. Goggona za ta riƙa aiko mini kilishi daga Kano ta hannun matafiya. Sai ga ƙanena ya ji labari, ya ce da in wahala a kicin gara in turo masa fam 1,500 ɗin da na tara ya buɗe shagon POS mu raba. Ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa albarka a wannan niyya, na kuma ji daɗi da kika tambaya tun ba ki jiƙa shinkafa ba.

Ku uku ne manya a wannan zance, kuma takardunku iri uku ne. A cikinku ke ce mai sakakken hannu. Matar da ta zo a kan bizar mijinta ma'aikaci tana da izinin yin aiki, tana kuma da izinin yin sana'ar kanta, ba a ƙayyade mata awowi ba. Ki shiga asusunki na intanet na UKVI, hukumar biza da shige da fice, inda takardar zama ta koma tun da katunan izinin zama na BRP suka ƙare a ƙarshen 2024, ki karanta sharuɗɗanki da idonki, ki ɗauki hotonsu ki ajiye. Daga nan hanya a buɗe take a gare ki.

Sauran biyun ne damuwata. Bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai da shiga kasuwanci gaba ɗaya. Awa 20 ɗin da ake ba mai digiri a mako lokacin karatu na aiki ne a ƙarƙashin wani, ba na zuba jari da raba riba ba. Ranar da ƙanwar mijinki ta zama abokiyar tarayyarki, ko kuɗin ciniki ya fara shiga asusunta, ta karya sharaɗin zamanta, kuma a kan haka ana soke biza. Ki tuna abin da iyayenta suka sayar kafin su biya kuɗin makarantar nan. Ki gaya mata da taushin murya ta jira ta gama. Bizar da ake ba waɗanda suka kammala karatu ta yarda da sana'ar kai, a lokacin sai ku zauna ku yi maganar tarayya.

Shi ma maigida ba a bar shi sakaka ba. An yarda masa da ƙarin aiki har awa 20 a mako, amma sai a cikin ayyukan da gwamnati ta lissafa, kuma rabon kaya gida-gida ba ya cikinsu. Ga kuma inshora: wadda yawancinmu muke da ita ta zuwa aiki ce da zirga-zirgar iyali, ba ta ɗaukar kai abinci don kuɗi. Abin da ya fi duka nauyi shi ne takardarki da ta yaran nan a jikin tasa suke rataye. In tasa ta faɗi, gidan duka ne ya faɗi. Ribar waina ba ta kai a taɓa wannan ba. Mai saye ya zo ƙofa ya karɓa, ko ke ki kai in kin gyara inshorar.

Maganar ƙawarki kuwa na daɗe ina jin ta a bakin mutanenmu: wa zai sani? Mai sani yana nan, wanda kika hana bashi ne, ko maƙwabcin da warin mai ya dama, ko uwar yaron da cikinsa ya ɓaci aka tambaye ta a asibiti me ya ci. Kuma abin da ake gudun bai taka kara ya karya ba. Rajistar sana'ar abinci a ƙaramar hukuma kyauta ce, ta intanet ake cikewa, ba a hana kowa, sharaɗin kawai ki yi ta aƙalla kwana 28 kafin ki fara sayarwa. Daga baya jami'in duba tsafta zai zo ya ga kicin ɗinki ya ba ki maki daga 0 zuwa 5. Zai buɗe firij ya auna sanyi: doka ta ce kada ya wuce digiri 8, an fi son 5 ko ƙasa. Zai duba ko kin raba ɗanyen nama da dafaffe, inda kike wanke hannu, da ɗan littafin da kike rubuta abin da kika yi kullum. Mace mai tsafta ba ta da abin tsoro a nan. Akwai gajeren kwas na tsaftar abinci mataki na biyu da ake yi ta waya cikin 'yan awowi, kuɗinsa kaɗan ne, ki yi shi. In gidan haya kuke, ki karanta yarjejeniyar haya, ki nemi yardar mai gida a rubuce.

Akwai wurin da nake so ki tsaya sosai, domin abincinmu ya faɗa cikinsa tsundum. Dokar Ingila ta lissafa abubuwa 14 da jikin wasu ba ya ɗauka, wajibi ne mai sayar da abinci ya sanar in suna ciki. Gyaɗa tana ciki, riɗi yana ciki, da alkama, madara, ƙwai, kifi, waken suya da jatan lande. To duba kicin ɗinmu: yajin tsire ƙuli-ƙuli ne, kilishi da tunkuza ake shafe shi, miyar taushe da gyaɗa, man da muka saba suya da shi na gyaɗa, cincin da dubulan fulawa ne da ƙwai, alkaki alkama ce zalla. A gida ba mu taso muna jin gyaɗa ta kashe mutum ba, shi ya sa muke ɗaukar abin da wasa. A nan yana faruwa, har a 'ya'yanmu da aka haifa a ƙasar. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta rasu bayan ta ci burodin da aka gasa da riɗi ba a rubuta a jikin takardarsa ba. Sanadinta ne daga Oktoban 2021 duk abincin da aka riga aka ƙulle kafin mai saye ya zaɓa sai an manna masa cikakken jerin kayan haɗinsa. Ki sa wa kowace roba takarda. Ki tambayi duk mai oda ko akwai abin da ba ya ci. Cokalin yaji kada ya shiga dambu.

Kilishin Goggo, ki yi mata godiya ki ce ta bari. An hana shigo da nama da madara daga Najeriya cikin jakar matafiyi, ko na ci ne balle na sayarwa. In an gani a filin jirgi za a ƙwace, ana iya cin tarar wanda ya ɗauko, kin ga kin jawo wa bawan Allah fitina a kan taimako. Bradford cike take da mahautan halal, ki sayi namanki a nan, ki ajiye rasit.

Haraji ba dodo ba ne. Shekarar haraji tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu mai zuwa. In duk cinikin da kika yi a cikinta bai wuce fam 1,000 ba, ba sai kin sanar da hukumar haraji ta HMRC ba. Ki lura, ciniki na ce, ba riba ba, kuma odar Sallah biyu da suna uku sun isa su haura da ke. In kin haura, ki yi rajista kafin 5 ga Oktoban da ya biyo bayan ƙarewar shekarar, ki cike takardar ta intanet kafin 31 ga Janairu. In ba ki da wani albashi, kuma ribarki ba ta kai fam 12,570 ba, harajin kuɗin shiga ba zai hau kanki ba. Amma rubutun yana da amfani fiye da kuɗin. Wata rana za ku nemi takardar zama na dindindin, ko bashin sayen gida, ko ki gayyato Mama, kuma duk takardun banki ake dubawa. A wajajen 2018 an yi ta hana mutane da yawa zama na dindindin saboda kuɗin da suka faɗa wa ma'aikatar cikin gida ya saɓa da wanda suka faɗa wa hukumar haraji shekaru a baya. Ki buɗe asusu daban na sana'ar, kada kuɗin waina ya gauraya da na cefane, kada kuma ki bari a yi canjin naira da fam ta cikinsa.

Yanzu ita sana'ar kanta. Ki fara da abu biyu, ba goma ba. Ni da zan zaɓa miki, waina ranar Asabar kawai, sai wanda ya yi oda ya biya tun Alhamis, da kuma busassun kaya irin su cincin da dubulan da ba sa saurin lalacewa. Dambu ya biyo baya in hannunki ya zauna. Fam 300 ya ishe ki farawa: robobi, takardun mannawa, ma'aunin sanyi, sikeli, da inshorar mai sana'a ko da wani ya ce abincinki ya cutar da shi.

Wurin da masu farawa suke faɗuwa shi ne farashi. Mace za ta lissafa shinkafa da mai da sukari, ta manta gas, wuta, roba, kuɗin mota zuwa kasuwa, ta kuma manta kanta. Ki auna sau ɗaya da biro: in kayan haɗi sun ci fam 25, kin tsaya awa shida, kin sayar fam 60, to fam 35 kika samu, ƙasa da fam 6 a awa. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ga babba fam 12.21 ne a awa. Ba na ce sai kin kai haka a watan farko ba, amma ki san inda kike tsaye. Sannan masu sayenki na farko su ne waɗanda suka saba ci kyauta, kuma ido ba ya raina sai wanda yake gani kullum. Za ki ji "Maman yara, ni ma sai na biya?" da "zan turo anjima". Ki rubuta farashi ki tura wa kowa iri ɗaya, sai kuɗi ya shigo ki ɗora tanda. In za ki yi kyauta ki yi ta da sunan kyauta, ki ware ranarta. Kada kuma ki tsaya a kanmu kaɗai, ba mu da yawa. Yarabawa, Ibo, 'yan Gana da 'yan Sudan suna nan, ga abokan aikin maigida a asibiti.

Saura ƙanenki, kuma nan ne zuciyata ta fi karkata, domin na taɓa shiga. Shekarun baya na tura kuɗi aka saya wa wani ɗan'uwana adaidaita sahu, da baki muka yi magana, ba takarda ba shaida. Wata huɗu yana turo balas, sai inji, sai taya, sai shiru. Da na matsa, mahaifiyata ta kira ta ce in bar wa Allah. Kuɗin bai dame ni kamar shekara biyun da muka yi ba ma gaisawa ba. Har yau ban ce ya ci amanata ba. Ni na ɗauka jari na ba shi, shi ya ɗauka yayarsa ta Turai ce ta taimake shi.

POS ya yi tashe lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Yau kusan kowane lungu a Kano akwai mai na'ura a ƙarƙashin lema, ladan cire kuɗi ɗan kaɗan ne, kuma yanzu ana buƙatar rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Jarin kuma tsabar kuɗi ne a aljihun saurayi, a gidan da kullum akwai mai zazzaɓi da mai kuɗin makaranta. Ƙara da wannan: kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya zuba fam ya ci riba da naira a tsakanin nan, in ya mayar da lissafi zuwa fam asara zai gani.

Ban ce ki rufe masa ƙofa ba, ƙanenki ne. Amma kada ki ba shi duka, kada kuma ki bar abin a dunƙule. Ki zauna da maigida ku yanke abin da za ki iya rasawa ba ki yi kuka ba, a ce fam 300 ko 400. In kyauta ce ki faɗa masa kyauta ce, ki cire rai. In jari ne ku yi shi ƙiradi yadda malamai suka tsara: kuɗi naki, aiki nasa, riba a raba da kaso da aka ambata tun farko, rabi da rabi ko sulusi, ba wani adadi tsayayye duk wata ba, asara kuma a kan mai kuɗi sai in sakacinsa ne ya jawo. A rubuta, mutum biyu su sa hannu, ɗaya a cikinsu wanda yake jin nauyinsa. In ya ce ba ki yarda da shi ba ne, ki tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ki kira Mama da kanki ki gaya mata adadin da sharaɗin kafin kuɗin ya tafi, don kada ta fara ji daga bakinsa. Ya riƙa turo miki hoton littafin ciniki duk Juma'a. In ya yi wata shida a haka, ki ƙara masa daga ribar waina.