Tambaya da Amsa: PDF ko EPUB, Wanne Ya Dace da Littafina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na kammala littafina na farko, labarin wata 'yar aikatau ne, shafi 240 a Word, kuma ta WhatsApp nake son in riƙa sayar da shi. Na mayar da shi PDF na tura wa ƙawayena, sai suka ce rubutun ya yi ƙanana, sai sun yi ta ja da yatsa kafin su karanta. Ƙanena ya ce in yi EPUB. Wanne ya fi? Daga wata marubuciya a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa albarka a alƙalami.

Ƙawayenki sun yi gaskiya, ƙanenki ma bai yi ƙarya ba. Shi PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, an yi shi ne don shafi ya tsaya yadda aka tsara shi ko a wace na'ura aka buɗe. Na tabbata a kan A4 kika yi rubutunki, don shi yawancinmu muke tararwa in mun buɗe Word. Faɗin A4 santimita 21 ne, fuskar waya kuwa da ƙyar take kai 7. Dole wayar ta matse shafin ya koma kashi ɗaya cikin uku, mai karatu ta dinga ja hagu da dama a kowane layi. Babu mai jure wannan har shafi 240, komai daɗin labarin.

EPUB kuwa, wanda ya fito a 2007, ba shi da tsayayyen shafi. PDF ɗinkakkiyar riga ce, shi kuma zani ne, kowa ta ɗaura daidai ƙugunta. Hajiyar da idonta ya fara rauni za ta ƙara girman baƙaƙe, layukan su sake jeruwa da kansu. Mai karatun dare ta mayar da fuskar baƙa. Ga ƙagaggen labari irin naki, zallan rubutu ba hoto ba jadawali, shi ya dace. In kuma wata rana kika so kai shi Amazon, EPUB suna karɓa.

Sai dai kasuwarki WhatsApp ce, kuma a nan gizo ke saƙa. Kusan kowace waya tana buɗe PDF da taɓawa ɗaya. EPUB a wayoyin Android da yawa sai an sauke manhaja irin su ReadEra ko Google Play Books. Wadda ta tura miki kuɗinta fayil ya ƙi buɗewa, ba za ta tsaya sauraren bayani ba, cewa za ta yi an cuce ta.

Don haka ki yi duka biyun. Ki koma Word ki sauya girman takarda zuwa A6, ki rage gefe-gefen, ki sa baƙaƙe a kan 12, sannan ki sake fitar da PDF. Shafukan za su ninka, amma a waya zai zauna daram. EPUB ɗin kuma Google Docs yana fitarwa kai-tsaye, haka manhajar Calibre ta kwamfuta, kyauta. Kafin nan ki tabbata kin sa wa kan kowane babi alamar Heading, da ita ake haɗa jerin babi-babi. Duk tazarar da kika yi da bubbuga madannin sarari ki goge ta, a EPUB wargajewa take.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Masu buga rubutu a shagunan kwamfuta da yawa har gobe da tsofaffin salon baƙaƙe irin Rabi'at da Abdalla suke aiki. Waɗannan aron wani madanni suke su zana ƙ ko ɗ a kansa. A PDF ba a ganewa, don yana tafiya da salonsa. Ana mayar da shi EPUB sai asiri ya tonu: "ƙasa" ta koma "}asa" ko "qasa", "ɗaya" ya koma "]aya" ko "xaya". Ki duba naki tun yanzu: ki kwafi layi ɗaya ki liƙa a WhatsApp. In ƙ da ɗ da ɓ suka fito daidai, kin tsira. In ba haka ba, sai ki musanya su ɗaya bayan ɗaya da Find and Replace.

Da littafin waƙoƙi ne, ko na Ajami, ko na yara mai zane, da PDF kawai zan ce, don can zaman kowane baiti da wasali a muhallinsa shi ne aikin.

Ba ki tambaya ba, amma na san yana ranki: tsakanin PDF da EPUB babu wanda zai hana wata ta saya ta watsa a guruf. Abin da wasu marubuta ke yi shi ne buga sunan mai saye a ƙasan kowane shafi na PDF ɗinta, ko kunya ta sa ta dakata.