Amsa ga Hajiya: matatar ruwa mai bokiti biyu da shirin ambaliya

Assalamu alaikum. Hajiya, na karanta tambayarki, inda kika ce kin sayi matatar ruwa mai bokiti biyu da kyandir na yumɓu a ciki, wato sandar da ke tace ruwan, kina kuma son sanin ko ya dace ki bar ta cikin kwalinta har sai ambaliya ta zo, da kuma ko za a iya shan ruwan ambaliya idan ya bi ta cikinta. Ni ma a Kusuri ta arewacin Kamaru nake zaune, kuma da irin wannan matata iyalina suke shan ruwa tun kafin ambaliyar 2022.

Shawarata ita ce ki fito da ita yau, ki harhaɗa ta, gidanki ya fara shan ruwanta, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Kyandir yakan tsage a hanya tun kafin ya iso kasuwa, wani lokaci kuma robar da ke toshe gindinsa ba ta zauna daidai ba, alhali ba za ki gane haka ba sai da ruwa a ciki. Sabon kyandir ma yana bukatar a zubar da ruwan cikawa biyu ko uku na farko saboda ɗanɗanon yumɓu da ƙurar gawayin da ke cikinsa, kuma ranar da ruwa ya shigo tsakar gida ba ranar wannan aiki ba ce. Ki tuna cewa kogunan Logon da Shari sun fi cika a watan Oktoba zuwa Nuwamba, bayan damina ta ɗauke, lokacin da mutane suka saki jiki.

Batun ruwan ambaliya shi ne ya fi damuna. Kofofin da ke jikin kyandir mai kyau ba su kai girman maikron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, saboda haka yana tare laka da ƙwan tsutsar ciki da mafi yawan ƙwayoyin bakteriya, har da masu jawo kwalara da taifot. Amma ƙwayoyin bairus sun fi kofofin ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wadda ke jawo ciwon hanta nau'in E ba ta wuce kimanin maikron 0.03 ba, kuma ta ruwan da ya gauraya da bayan gida take yaɗuwa. An yi fama da ita a Am Timan ta Cadi a 2016 da 2017, kuma mata masu juna biyu ta fi yi wa illa. Ruwan da ya malale unguwa ya wanke masai da turken dabbobi da garejin gyaran mota kafin ya iso ƙofarki, kuma matata ba ta cire fetur ko gishiri ko maganin feshin gona yadda za a dogara da ita. Don haka ban yarda a sha shi ba matuƙar akwai wani ruwa, ko da na rijiyar burtsatse mai nisa ne ko na sama da aka tara a mazubi mai tsabta.

Idan dole ta kama, ki fara barin ruwan ya kwanta a cikin baho, ko ki daka 'ya'yan zogale ki zuba domin lakar ta sauka da wuri, sannan ki tsiyaye na sama ta cikin farin ƙyalle mai ninki zuwa bokitin sama. Abin da ya sauko ƙasa ki juye shi a jarka ki sa ƙwayar Aquatabs, wato maganin kulorin na tsarkake ruwa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin takardarta, tunda girmansu ya bambanta, ki jira minti 30. Maganin yana zuwa ne bayan tacewa, domin gawayin da ke cikin yawancin kyandir yana shanye kulorin, ruwa mai laka kuma yana rage masa ƙarfi. In babu ƙwayar, a tafasa ruwan sosai na minti ɗaya.

Ki kuma yi lissafin gidanki. Kyandir ɗaya yakan ba da kimanin lita ɗaya a awa idan bokitin sama a cike yake, yana raguwa yayin da ruwan ke sauka. Ƙungiyoyin agaji suna ƙiyasta lita 15 ga mutum a rana don sha da girki da tsabta, wadda kusan lita uku daga ciki na sha ne. Gida mai mutum goma yana bukatar lita 30 ta sha kawai, ga kuma zafinmu na Afrilu. Wannan ya sa muke cika tamu da dare kafin kwanciya, a sake cikawa bayan sallar asuba da kuma bayan azahar.

Wanke kyandir shi ne inda na ga maƙwabta da yawa suna lalata matatarsu. Idan ɗigon ya yi jinkiri, za ki tarar farin kyandir ya koma ruwan ƙasa, da yauƙi a jikinsa. Ki wanke hannu, ki kwance notin da ya ɗaure shi a bokitin a hankali, ki toshe bakin da ruwa ke fita da babban yatsa don kada ruwan wanki ya shiga ciki, sannan ki goge da sabon soso mai ɗan kaushi wanda aka ware masa shi kaɗai, har farinsa ya dawo. Ba a sa masa sabulu ko omo, domin yumɓun yana tsotsarsu. Kowace guga tana cinye kaɗan daga kaurinsa, shi ya sa ba a wanke shi don ado, sai ya toshe. Wajen mayarwa a ɗaure notin da hannu kawai, saboda ƙarfi na fasa gindinsa. Daga nan ki cika bokitin sama, ki ɗaga shi ki leƙa ƙasansa: ruwa ya kamata ya fito ta bakin kyandir kaɗai, ba ta gefen noti ba. Idan kuma kika ga matatar da ta saba jinkiri ta fara zuba da sauri, kada ki yi murna, tsagewa ce, kuma kyandir da ya tsage ba ya ɗaukar gyara.

Bokitin ƙasa ya fi na sama haɗari, tunda abin da ya shiga cikinsa ba zai sake bi ta kyandir ba. Na taɓa ganin yaro ya ɗaga bokitin sama ya tsoma moɗa don ɗigon famfo ya yi masa jinkiri, aikin dare guda ya tashi a banza. Ki koya wa yara cewa ta famfo kaɗai ake ɗiba, kuma kada a juye ruwan a randar da kowa ke sa hannu. A wanke bokitin ƙasa da famfonsa duk mako da ruwan da aka tace da ɗan javel, wato ruwan bilic, marar ƙamshi, a ɗauraye sosai. A ajiye matatar a inuwa, bisa teburi mai ƙwari, a rufe da ƙyalle lokacin ƙurar hunturu.

Ki sayi kyandir na ajiya daidai da samfurin matatarki tun yanzu, tare da robarsa da famfo guda, domin idan hanya ta yanke kaya kan yi wuya su yi tsada. Gawayin ciki yana gajiya kafin yumɓun, galibi tsakanin wata shida da shekara, kuma dawowar wari ko ɗanɗano ita ce alamar. Idan tafiya ta kama ki ko aka ce a tashi daga unguwa, ki cire kyandir ɗin, ki bari ya bushe sarai a inuwa idan akwai hali, domin mai danshi yana yin funfuna a leda, ki naɗe shi da zane ki sa cikin bokitin tare da ƙwayoyin maganin da soson, a riƙe a hannu maimakon a jefa cikin kaya a kan amalanke ko kwalekwale. Allah ya tsare mu da ku baki ɗaya.